Dokar Lantarki ta Jiha: Mu Auna Ta da Mudun Ɗan Kasuwa



A watan Maris na 2023, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu kan gyaran kundin tsarin mulkin ƙasa, wanda ya ba jihohi ikon samar da wutar lantarki da dakonta da rarraba ta, har ma a yankunan da babban layin ƙasa ya riga ya kai. Kafin wannan gyara, jiha ba ta da hurumi sai a inda layin tarayya bai isa ba. A watan Yuni na wannan shekarar kuma, Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan Dokar Lantarki ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 2005. A ƙarƙashinta, duk jihar da majalisarta ta yi dokar lantarki, ta kuma kafa hukumar sa ido ta kanta, tana iya sanar da hukumar tarayya ta NERC, a miƙa mata ragamar kasuwar lantarkin cikin jiharta a cikin wata shida. Enugu da Ekiti da Ondo ne suka share fage a watan Afrilu na 2024. Legas ta yi tata dokar a watan Disamba na wannan shekarar, a Arewa ma Kogi da Neja da Filato sun bi sahu. Abin da wannan ke nufi shi ne, maganar da a da sai a Abuja ake yanke ta, yanzu ana iya yanke ta a Gusau, a zauren wakilai 24 da muka zaɓa da hannunmu.

Wani na iya cewa ina ruwan malamin makaranta da dokar lantarki, alhali ga maganar albashi da ƙarin girma da fansho a gabansa. Ruwansa da ita ta fuska biyu ne. Ta farko, da wuya ka shiga gidan malami a Dauran, ko Zurmi, ko Shinkafi, ko Ƙauran Namoda, ka tarar albashi kaɗai ne ke riƙe da tukunya. In ba uwargida na sayar da ƙanƙara da zoɓo ba, to ɗa yana da teburin cajin waya a bakin kasuwa, ko ƙane yana walda, ko kuwa an haɗa kuɗin adashi an sayi injin niƙa. Mu malamai ne da safe, 'yan kasuwa da yamma. Ta biyu kuwa, duk alƙawarin da gwamnatin jiha za ta ɗauka a kan lantarki, daga baitulmali ɗaya za a cika shi, baitulmalin da albashinmu da haƙƙin tsofaffinmu ke fitowa daga cikinsa. Dokar da aka rubuta ba tare da lissafi ba, a aljihun ma'aikaci take ƙarewa.

Shi ya sa nake ganin mudun da ya kamata mu auna wannan doka da shi, shi ne mudun ɗan kasuwa. Ba ina nufin babban attajiri mai ofis a Abuja kaɗai ba, har da mai injin niƙa na ƙofar gida. Dukkansu tambayoyi huɗu suke yi kafin su saki kuɗinsu: nawa zan biya, yaushe zan samu, har zuwa yaushe farashin zai tsaya, kuma in an cuce ni wa zan kai wa ƙara? Dokar da ta amsa waɗannan tambayoyi a fili ta yi amfani. Wadda ta kasa amsa su kuwa, ko da an yi bikin sanya mata hannu da kiɗa da busa, takarda ce kawai.

Lissafin mai janareta

Mu fara da tambayar farashi, domin ita ce ta fi tayar da jijiyar wuya. An kasa masu amfani da wuta rukuni biyar bisa yawan sa'o'in da aka yi alƙawarin ba su: rukunin A sa'o'i 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. Ranar 3 ga Afrilu, 2024, NERC ta ɗaga farashin rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, daga baya ya dawo wajen naira 209. Ƙasa ta ɗauki ƙara, kuma da dalili, tunda ninki uku ne a dare ɗaya.

Amma mu sa wannan farashi a gefe ɗaya na sikeli, mu ɗora na mai janareta a ɗaya gefen. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya riƙa hawa har ya zarce naira 1,000 a watan Oktoba na 2024. Ƙaramin janareta irin wanda tela ko mai aski ke amfani da shi ba ya ba da fiye da yunit biyu zuwa uku a kan lita ɗaya. Idan lita tana naira 1,000, yunit ɗaya ya tashi tsakanin naira 330 da naira 500 ke nan, ba a sa kuɗin baƙin mai da na makaniki ba, ba a kuma sa kuɗin sabon inji in tsohon ya mutu ba. Ashe ke nan talakan da ke garin da wuta ba ta zuwa ya fi mai gida a Maitama biyan kuɗin lantarki da tsada. Shi dai ba ya ganin takardar biya ne a ƙarshen wata, saboda kullum yake biya a gidan mai ko wajen 'yan bumburutu.

Wannan lissafi ne ya kamata ya zauna a zuciyar duk ɗan majalisar da zai yi magana a madadinmu. Wutar da ta fi kowace tsada ita ce wadda ba ta zo ba. Mai sayar da ƙanƙara da ta daskarar da rabin kaya wuta ta ɗauke, asarar ta haɗa da uwar kuɗi. Mai walda da ya karɓi aikin ƙofa ya yi alƙawarin Alhamis, ranar da masu kaya za su zo cin kasuwar Shinkafi, in wuta ta yi masa tsiya ya rasa kuɗi ya kuma rasa mutunci. Irin waɗannan mutane za su yarda su biya farashi na gaskiya, muddin an faɗa musu sa'o'in da za a kawo wutar kuma an cika.

Araha ba ta ado

Abu mafi sauƙi ga ɗan siyasa shi ne ya yi shelar rage farashi. Jihar Enugu ta gwada mu ga yadda abin ke kasancewa. Hukumar lantarkin jihar ta ba da umarnin a rage farashin rukunin A daga naira 209 zuwa naira 160 daga ranar 1 ga Agusta, 2025. Jama'a sun yi murna, amma nan take kamfanonin da ke samar da wutar suka yi ca, suna cewa an gina lissafin ne a kan tallafin gwamnatin tarayya, tallafin da su kansu suna bin bashinsa. NERC ta fito ta ce jiha ba ta da iko a kan farashin wutar da ake ɗaukowa daga babban layin ƙasa. Ko dai ta sa cikakken kuɗin a lissafinta, ko kuma ta biya giɓin daga aljihunta.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ya kamata malamin Zamfara ya ja wa layi da jan biro. Gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin tallafin lantarki na kusan naira tiriliyan 2 a shekarar 2024 kaɗai, kuma a 2025 kamfanonin samar da wuta suna iƙirarin suna bin bashin kusan naira tiriliyan 4. Idan tarayya mai rijiyoyin mai tana nishi a ƙarƙashin wannan kaya, ina ga jihar da mafi yawan kuɗinta daga rabon wata-wata na Abuja yake zuwa? Duk ranar da gwamnatin jiha ta yi alƙawarin araha ga kowa da kowa ba tare da ta nuna inda kuɗin zai fito ba, to mu sani ɗayan biyu zai faru: ko kamfani ya rage wutar da yake turo mana, ko kuma a taɓa kuɗin da ya kamata ya je ga albashi da gyaran azuzuwa.

Ba ina cewa kada a taimaki mai ƙaramin ƙarfi ba. Tsarin tarayya ma ya tanadi rangwame ga gidan da ba ya shan fiye da yunit 50 a wata, kuma Dokar 2023 ta yi tanadin asusun tallafa wa masu rauni. Abin da nake cewa shi ne tallafi ya zama yana da suna, da adadi, da layi a cikin kasafin kuɗi wanda kowa zai iya karantawa. A faɗi su waye za su amfana, a faɗi nawa ne a shekara, majalisa ta amince da shi a bainar jama'a. Tallafin da aka ɓoye a cikin farashi, bashi ne da ake ci da sunan 'ya'yanmu.

Gwamnati ta fara biyan nata

Jihar Zamfara na cikin jihohi huɗu da kamfanin rarraba wuta na Kaduna ke kula da su, tare da Kaduna da Sakkwato da Kebbi. A watan Janairu na 2024, NERC ta rushe hukumar gudanarwar kamfanin saboda bashin kimanin naira biliyan 110 da kasuwar lantarki ke bin sa. Jihar da za ta karɓi ragamar kasuwarta, dole kamfanin ya buɗe reshe mai zaman kansa a cikinta, ya nemi lasisi daga sabuwar hukumar jiha. A nan ɗan kasuwa zai yi tambayar da yake yi kafin ya sayi shago: bashin da ke kan shagon nan na wane ne? Doka ta fayyace wannan tun farko, don kada a wayi gari an rabo mana kaso daga tsohon bashi an ɗora a kan sabon reshe.

Sannan akwai gaskiyar da ba a cika son faɗa ba, wato ofisoshin gwamnati suna sahun gaba cikin waɗanda ba sa biyan kuɗin wuta. A watan Fabrairu na 2024, kamfanin rarraba wuta na Abuja ya buga sunayen ma'aikatu da hukumomin da yake bi bashin kimanin naira biliyan 47, har da fadar shugaban ƙasa a jerin. A watan Agusta na wannan shekarar, hukumar tara haraji ta jihar Kaduna ta garƙame ofishin kamfanin wuta kan harajin da ta ce ya kai naira miliyan 600, shi kuma kamfanin ya yanke wutar gidan gwamnati kan bashin da ya ce ya kai naira biliyan 2.9. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Babu mai jarin da zai ga gwamnati da kamfani suna wannan kokawa, sannan ya ɗauko kuɗinsa ya kawo. Saboda haka dokarmu ta wajabta sa mita mai kati a kowane ofishin gwamnati, tun daga gidan gwamnati har sakatariyar ƙaramar hukuma, a kuma cire kuɗin wuta kai tsaye daga kason kowace ma'aikata. In shugaba ya biya, ya sami bakin cewa talaka ya biya.

Mu ma akwai namu. Satar wuta ta bayan mita, da jona waya cikin dare, cin haƙƙin maƙwabci ne, domin asarar a kan masu biya ake raba ta. Sai dai ba a neman gaskiya daga mutumin da ake yi wa kintace. A 2024, fiye da rabin masu rajista da kamfanonin wuta a ƙasar nan ba su da mita. Babu ɗan kasuwar da zai yarda a auna masa hatsi a bayan labule a ce ya biya. Mita ita ce mudun wannan kasuwa. Doka ta sa wa'adi na samar da ita ga kowa, ta kuma hana yanke wa unguwa guda wuta saboda laifin mutum biyar.

Jari yana son tabbas

Labarin birnin Aba ya isa darasi a kan tambaya ta uku. Farfesa Barth Nnaji ya fara aikin gina tashar lantarki domin masana'antun birnin tun farkon shekarun 2000, bisa yarjejeniyar da ta keɓe masa yankin. Da aka zo sayar da kamfanonin wuta a 2013, sai aka haɗa da yankin Aba aka sayar wa wani kamfanin daban. Shari'a da sulhu suka cinye shekaru, tashar da aka kusa gamawa tana zaune, ba a ƙaddamar da ita ba sai a watan Fabrairu na 2024. Wajen shekara 10 ke nan masu ɗinkin takalma da tufafi na Aba suka yi suna ƙona man janareta, alhali injina suna ajiye a bayan gari. Kuɗi da fasaha duk suna nan, alƙawarin hukuma ne ya tashi.

Mai kafa tashar sola yana bukatar shekaru masu yawa kafin ya mayar da uwar kuɗinsa, gwamna kuwa shekara huɗu yake yi kafin zaɓe. Ke nan mai jari yana neman abin da zai fi gwamnati daɗewa. Wannan abu shi ne hukumar sa ido mai cin gashin kanta: a naɗa shugabanninta bisa sanin aiki, majalisa ta tantance su, a ba su wa'adin da sauyin gwamnati ba ya katse shi, a kuma sa kuɗin gudanar da ita ya fito daga ƙayyadadden kaso na kasuwar, don kada ta riƙa zaman jiran sa hannun wani kafin ta sayi takarda. Hukumar da aka cika da 'yan siyasar da suka faɗi zaɓe ba za ta iya ce wa kamfani a'a ba, ba za ta kuma iya ce wa gwamna a'a ba. In har ba mu shirya kafa irin wannan hukuma ba, babu abin kunya a bar sa ido a hannun NERC na ɗan lokaci, jiha ta mayar da hankali kan abin da ke hannunta. Gaggawa aikin shaiɗan ce, kuma ba gasa ake yi da Legas ba.

Dogon layi a ƙasa mai hatsari

Mu da ke arewacin Zamfara muna can ƙarshen waya. Duk abin da ya sami layi a hanya, mu ne farkon shiga duhu, mu ne kuma na ƙarshen fita. A watan Oktoba na 2024, yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda babu wuta, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, wanda rashin tsaro ya hana gyara shi da wuri, sannan layin da ke biyowa ta Makurɗi zuwa Jos shi ma ya sami matsala. Kuma ba mu manta 2021 ba, lokacin da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya domin yaƙi da 'yan bindiga. A wancan lokaci duk mai sana'ar da ta dogara da janareta ya gane cewa abincinsa na rataye ne a kan jarka.

Darasin a fili yake. Garin da ke da tasharsa ta hasken rana, da batura, da 'yan turakun da ba su wuce bayan gari ba, ya fi samun kwanciyar hankali a kan garin da ke jiran waya mai ratsa daji. Rana kuwa Allah Ya hore mana ita. Tsarin ma akwai shi: ƙa'idojin ƙananan tashoshi da NERC ta fitar a 2016 ta kuma sabunta a 2023 sun ce tashar da ba ta wuce kilowat 100 ba rajista ta ishe ta, wadda ta kai har megawat ɗaya kuma izini take nema, an kuma tanadi diyya ga mai tasha idan babban layi ya iso garin daga baya. Kuɗi ma akwai: a watan Disamba na 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin irin waɗannan ayyuka a Nijeriya, ta hannun hukumar samar da lantarki a karkara ta REA. An kuma gwada an gani, tunda tun wajen 2018 aka fara ba shaguna wutar sola a kasuwar Sabon Gari ta Kano.

Me zai sa mai irin wannan tasha ya zaɓi Dauran ko Moriki a kan wani gari a Neja ko Nasarawa? Abin da ke hannun jiha ne zai sa. Fili mai takarda cikin 'yan makonni. Izini daga ofis ɗaya. Haraji guda sananne, maimakon jiha ta karɓa, ƙaramar hukuma ta karɓa, wasu masu rasit na bogi su ma su zo. Tabbacin cewa dokar jiha za ta mutunta diyyar da ƙa'idar tarayya ta tanada. Sai kuma babbar magana, wato tsaro. Kada mu ruɗi kanmu, babu sakin layi a cikin doka da zai hana ɗan bindiga kai hari. Abin da doka ke iyawa shi ne ta rage wa mai jari kasada: a kafa tasha a cikin gari kusa da jami'an tsaro, a ba al'umma hannun jari a cikinta don su tsare ta kamar tasu, jiha kuma ta buɗe asusun lamuni mai iyaka wanda zai ɗauki wani kaso na asara in ta auku. Mai iyaka na ce, domin lamunin da ba shi da iyaka shi ma rami ne a baitulmali.

Tarihin yankinmu shaida ne a kan abin da hanya ke yi wa kasuwa. Da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da auduga sun sami hanyar fita, garin ya zama matattarar fatake. Lantarki ita ce dogon wannan zamani. Gero da dawa da wake da muke nomawa suna fita ɗanye, a sarrafa su a wani wuri, a dawo mana da su da tsada, saboda injin da zai sarrafa su a nan ba shi da abin da zai juya shi.

Makaranta a tsakiyar lissafi

Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Nuwamba na 2023. Aji mai sabon fenti abin so ne, amma ɗalibin yau da kwamfuta ake jarraba shi. Tun 2015 hukumar JAMB ta koma jarrabawa ta kwamfuta gaba ɗaya, WAEC da NECO ma can suka nufa. Yaron da bai taɓa kunna kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, an kayar da shi tun kafin ya zauna.

A nan bukatar makaranta da ta ɗan kasuwa suka haɗu. Mai tashar sola yana neman babban mai saye da rana, wanda zai biya a kan kari. Makaranta, da asibiti, da famfon ruwan gari, da rana suke aiki, lokacin da wutar sola ta fi yawa ta kuma fi araha. Idan doka ta ware kuɗin wutar makarantu da asibitoci a asusun da ba a taɓawa, waɗannan wurare za su zama ginshiƙin da tasha za ta tsaya a kai, masu niƙa da walda su cika sauran, gidaje su samu da dare. Wannan ya fi a kafa wa makaranta faranti huɗu a kan rufi a ɗauki hoto a tafi, bayan shekara biyu batura su mutu babu mai gyara. Maganar gyara kuwa, muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda tun 1983. Doka ta sharɗanta wa duk mai lasisi ya ɗauki matasan yankin da aka horar, don kada a riƙa jiran mai gyara daga Kano ko Kaduna.

Ga masu cewa wannan ba maganar ƙungiya ba ce

Na san akwai 'yan uwa da za su ce ƙungiyar ƙwadago ba ta yin magana da bakin 'yan jari. Za su tuna mana cewa an sayar da kamfanonin wuta a watan Nuwamba na 2013 da alƙawarin haske, ga shi har yau ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000. Za su tuna mana cewa ranar 13 ga Mayu, 2024, NLC da TUC sun rufe ofisoshin NERC da na kamfanonin wuta saboda ƙarin farashi. Duk gaskiya ne, kuma fushin yana bisa hanya. Amma mu duba me ya lalata cinikin 2013: an sayar wa waɗanda yawancinsu da bashin banki suka saya, ba su da rarar da za su zuba a gyaran layi, sa ido ya yi rauni, gwamnati kuma ta riƙa danne farashi tana tara bashi. Kafin nan ma, zamanin NEPA da gwamnati ke riƙe da komai, duhun muka sha. Ke nan ko wane ne mai kamfanin, in babu ƙa'ida mai haƙori da lissafi a fili, sakamakon ɗaya ne.

Auna doka da mudun ɗan kasuwa ba miƙa wuya ga kamfani ba ne. Ɗan kasuwa na ƙwarai shi ya fi kowa tsananta sharaɗi: in ka karɓi kuɗin sa'o'i 12 ka ba da 5, ka mayar da canji. Wannan shi ne abin da ƙungiya ta saba yi a teburin sulhu, wato a rubuta, a sa hannu, a cika.

Abin da ya kamata reshenmu ya yi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ina ba shugabannin reshe shawara su kafa ƙaramin kwamiti, a sa malaman kimiyya da lissafi da na kasuwanci a ciki, ya nemi kwafin duk wata doka ko ƙuduri ko ƙa'idar lantarki da ke gaban hukumomin jiha, ya fassara muhimman sassanta da Hausa a wannan mujalla. Kwamitin ya zauna da shugabannin 'yan kasuwa, da masu niƙa, da masu walda, da teloli, da ƙungiyoyin mata masu sana'a a Dauran da Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda, a tattara ainihin abin da kowa ke kashewa a kan mai a wata. Wannan lissafi namu ne, babu wanda zai zo daga Abuja ya yi mana shi, kuma shi ne hujjar da za ta jawo mai jari ta kuma ɗaure ɗan majalisa.

Sannan a rubuta takarda guda a kai wa wakilanmu, a kuma halarci duk zaman jin ra'ayin jama'a da ita. Bukatunmu su zama bayyanannu: hukumar sa ido mai 'yanci wadda ke da kujerar wakilin masu amfani da wuta da ta ma'aikata, ofishin karɓar ƙorafi a Ƙauran Namoda, don kada mai kukan naira dubu biyar ya kashe fiye da haka a kuɗin mota zuwa Gusau, mita ga kowa cikin wa'adi, diyya in an gaza cika sa'o'in da aka yi alƙawari, tallafi mai suna da adadi a kasafin kuɗi, kariya ga haƙƙin ma'aikatan lantarki in an sauya kamfani, da kuma sashe ƙarara da ya haramta jinginar da kuɗin albashi da fansho da kason ƙananan hukumomi a matsayin lamunin kowace yarjejeniyar lantarki.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kamfanoni za su je majalisa da lauyoyinsu, 'yan kwangila za su je da nasu mutanen. In mu da muka iya karatu da lissafi muka zauna a gida, za a rubuta dokar ba da mu ba, mu kuma biya kuɗinta shekara da shekaru.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a yankinmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu da karatun 'ya'yanmu, Ya kuma yi wa shugabanninmu jagora zuwa ga abin da zai amfani jama'a. Amin.